Yadda ake cire fenti daga bindigar ƙarfen da ba ya tsatsa

Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Idan sinadarin ya haɗu da iska, sai ya yi wa ƙarfen wani siririn lulluɓi da ido ba ya gani, wanda shi ke hana tsatsa. Harry Brearley ne ya gano irin wannan ƙarfe a birnin Shefil na Ingila a shekarar 1913, yayin da yake neman ƙarfen da zai jure zaizayar bututun bindiga. A shekarar 1965 kuma kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fitar da ƙaramar bindigar Model 60 da aka ƙera da shi.

Saboda haka, abin kiyayewa wajen cire fenti shi ne kada a lalata wannan lulluɓi.

Kafin komai, ana fitar da harsasai, a duba a tabbatar babu ko ɗaya a ciki, sannan a kwance bindigar. Ana ware ƙota da duk ɓangaren katako ko na roba, domin sinadaran cire fenti suna ɓata su.

Irin fentin shi ke nuna hanyar da za a bi. Fentin gwangwani na fesawa yakan tashi idan an jiƙa shi da sinadarin asiton ko tina, aka goge da ƙyalle ko buroshin roba. Asiton yana saurin kama wuta, don haka a yi aikin inda iska ke shiga, nesa da wuta, a kuma sa safar hannu. A guji sinadaran da ke ɗauke da metilin kulorayid, waɗanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'a don cire fenti a shekarar 2019, bayan da shaƙarsu ta yi sanadin mutuwar mutane.

Shi kuwa shafe irin na Cerakote, wanda akan gasa shi a jikin ƙarfe, ba ya jin waɗannan sinadarai. Sai dai a feshe shi da garin yashi na musamman ta injin iska, aikin da ya kamata a bar wa ƙwararren mai gyaran bindiga, domin feshin yana dusashe ƙyalli, yana kuma iya cin sassan da aka auna su daidai.

Abubuwa biyu ne suka fi jawo ɓarna. Na farko shi ne soson ƙarfe na gama-gari, wanda ke barin ɓurɓushi a jikin bindigar, daga baya ya yi tsatsa. Na biyu shi ne ruwan bilic, wanda ke cin lulluɓin ya bar ƙananan ramuka.

Bayan an gama, a wanke, a busar, a shafa mai kaɗan, domin ƙarfen yana jure tsatsa ne kawai, bai fi ƙarfinta gaba ɗaya ba.

A Nijeriya, Dokar Bindigogi ta shekarar 1959 ta wajabta lasisi kafin mallakar bindiga, gyaranta ma sai da izini. Lambar shaidar da ke jikinta kuwa, wajibi ne ta kasance a bayyane yadda take bayan an kammala aikin.