Sten Gustaf Thulin da asalin ledar cefane

Tun da Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya kuma ta bi sahu a 2017 da dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara huɗu, sunan wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, yake ta fitowa a bakin masu muhawara, waɗansu na ɗora masa laifin kwatocin da suka toshe da shanun da mahauta ke tarar da dunƙulen leda a tumbinsu, waɗansu kuma na wanke shi.

Robar da ake yin leda da ita ta girmi aikinsa. Sunanta foliyetilin, wato robar da ake samu idan ƙwayoyin iskar etilin suka sarƙu da juna suka zama dogon zare, kuma a 1933 ne masu binciken kamfanin ICI a Ingila suka yi kiciɓis da ita, kafin Karl Ziegler na Jamus ya gano hanyar yin nau'inta mai ƙarfi a 1953. Abin da Thulin ya ƙara, yana aiki da kamfanin Celloplast na birnin Norrköping, dabara ce ta naɗi da yanka: ana hura narkakkiyar roba ta miƙe kamar dogon hanji, a lanƙwasa gefunanta ciki, a liƙe ƙasanta da zafi, sannan a yanke tsakiyar bakin, sai hannaye biyu su rage kamar na singileti. Babu ɗinki, babu wani hannu da za a maƙala daga baya, don haka inji ɗaya kan iya fitar da dubbai ba tare da tsayawa ba. A 1965 kamfanin ya samu rajistar mallakar ƙirƙira a Amurka, wato takardar da ke hana kowa kwaikwayon dabarar sai da izini.

Labarin da ya fi yawo yanzu shi ne wanda ɗansa ya ba BBC a 2019, cewa Thulin ya so ceton itatuwan da ake sarewa don jakar takarda, kuma kullum da leda a naɗe cikin aljihunsa yana maimaita amfani da ita. Labarin yana da daɗin ji, amma niyyar mutum ɗaya ba ta bayyana yadda leda ta game duniya. Abin da ya fi bayyana hakan araha ne: a 1977 kamfanin Mobil ya yi nasarar rushe rajistar Celloplast a Amurka, kowa ya samu damar yin ledar, a 1982 kuma manyan kantunan Kroger da Safeway suka karɓe ta, kuma abin da ake bayarwa kyauta a bakin kanti ba wanda ke adana shi a aljihu. Thulin ya rasu a 2006, shekara huɗu bayan Bangladesh ta zama ƙasa ta farko da ta haramta siririyar leda saboda toshe magudanan ruwa da ta yi lokacin ambaliya.