Gudummawar 'Yan Sa-kai Wajen Yaɗuwar Tsarin Ajail

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda wata hanya ta ƙera manhajar kwamfuta, wadda ake kira ajail, ta yaɗu a duniya. Kalmar ta Ingilishi ce, ma'anarta kuwa zafin nama da saurin juyi. Galibin masu ba da tarihinta sukan tsaya ne a kan mutum 17 da suka taru a Snowbird, cikin jihar Utah ta Amurka, daga 11 zuwa 13 ga Fabrairu, 2001, suka rubuta sanarwar da ta raɗa mata suna. Mu kuwa a namu ganin, wannan rabin labari ne. Ɗaya rabin yana hannun 'yan sa-kai, wato waɗanda suka riƙa shirya ƙananan tarurruka a garuruwansu bayan tashi daga aiki, ba tare da an biya su ko anini ba.

Tushen Al'amarin

Tun a 1968, a wani taro da ƙungiyar NATO ta kira a Garmisch ta ƙasar Jamus, masana suka koka da yadda manyan ayyukan manhaja ke cin kuɗi fiye da kima, su kuma wuce wa'adi. Maganin da kamfanoni suka runguma shi ne tsarin hawa-hawa: a rubuta bukatu duka, a zana fasali, a ƙera, sannan a jarraba daga ƙarshe. Illarsa ita ce mai aikin ba ya ganin kome sai bayan shekara ɗaya ko biyu, alhali kuwa kafin nan bukatarsa ta sauya.

Wannan ya sa wasu suka nemi wata mafita. A 1995 Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da tsarin Scrum, a 1999 kuma Kent Beck ya fitar da littafinsa a kan tsarin XP. Abin da ya haɗa su shi ne yanka aiki gunduwa-gunduwa, kowace ta mako ɗaya zuwa huɗu, a nuna wa mai aikin, a ji ta bakinsa, sannan a ci gaba. XP ya ƙara da cewa a rubuta jarrabawa tun kafin a rubuta shirin, mutum biyu kuma su zauna gaban na'ura ɗaya. To, irin waɗannan ɗabi'u na hannu ne, kamar ƙira ko saƙa. Karatun littafi kaɗai ba ya koyar da su, tilas sai an zauna kusa da gwani. Ga inda bukatar tarurrukan gari ta taso ke nan.

Ire-iren Tarurrukan

Ɗaya daga cikin na farko-farko shi ne kulob ɗin 'yan XP na Landan, wanda ya soma zama a ƙarshen shekarun 1990, duk daren Talata a wata mashaya. Cikin irin wannan hira ta ma'aikatan Landan aka raini dabarar nan ta ƙera ɗan wakili na jabu, wanda zai tsaya a madadin wani sashe na manhaja yayin jarrabawa. Tim Mackinnon da Steve Freeman da Philip Craig suka kai ta taron XP na 2000 a tsibirin Sardiniya, daga nan ta zama kayan aikin yau da kullum.

Na biyu shi ne taron buɗaɗɗen fili, wanda Harrison Owen ya fara gwadawa a 1985. Shi da kansa ya bayyana cewa abu biyu suka ba shi haske. Na ɗaya, a wani babban taro da ya sha wahalar shiryawa, mahalarta sun fi ƙaruwa da hirar lokacin shan gahawa. Na biyu, ya ga yadda mutanen ƙauyen Balamah na Laberiya ke gudanar da bukukuwansu a zagaye, ba tare da kwamitin tsare-tsare ba. A irin wannan taro mahalarta ne ke manna batutuwa a bango, wanda kuma ya ga ba ya ƙaruwa, ba ya kuma ƙarar da kowa, yana da damar tashi ya koma wani da'ira. 'Yan ajail sun ari wannan tsari domin ba ya bukatar gayyato manyan baƙi, balle kuɗin jirginsu.

Na uku shi ne zauren atisaye da ake kira dojo, sunan da aka aro daga makarantun kokawa na Japan. Laurent Bossavit da Emmanuel Gaillot suka kafa shi a Paris wajen 2005. Daga bisani, a Janairun 2009, aka yi zaman Coderetreat na farko a Ann Arbor ta jihar Michigan. Akan wuni ana warware matsala guda, mutum bibbiyu, kowane zagaye minti 45, sannan a goge abin da aka rubuta, a sake abokin aiki. Hikimar gogewar ita ce a cire wa mutum zumuɗin gamawa, hankalinsa ya koma kan kyautata hannu. A 2011 aka fara ware rana guda ana yin wannan zama a birane da dama lokaci ɗaya, kowane birni da nasa masu ɗawainiya.

Idan muka duba da kyau, aikin ɗan sa-kai a duk waɗannan bai wuce neman ɗaki, da jera kujeru, da roƙon wani kamfani kuɗin abinci, da tarbar baƙo ba. Ladansa kuwa ilmi ne da sanin mutane, wani lokaci har da samun aiki.

Ciniki da Sa-kai

Sai dai kuma da sunan ajail ya yi kasuwa, sai ciniki ya shigo. Aka soma ba da takardar shaida bayan kwas na kwana biyu, manyan kamfanonin ba da shawara kuma suka shiga sayar da tsarin ga shugabanni. A 2014 Dave Thomas, ɗaya daga cikin mutum 17 ɗin nan, ya yi shelar cewa kalmar ta mutu domin an mai da ita haja. A 2018 Martin Fowler, shi ma ɗayansu, ya yi kukan yadda ake ɗora wa ma'aikata tsarin daga sama, alhali asalinsa su ne za su zaɓi yadda za su yi aikinsu. Annobar korona ta 2020 kuma ta rufe ɗakunan taro, ta mai da zama kan intanet, inda hirar bayan taro ke da wuya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa sanarwar 2001 ta ba da suna, amma tarurrukan 'yan sa-kai ne suka sa hannu ya faɗa. Su ma suna da rauninsu, domin sau da yawa taron gari yakan rataya ne a wuyan mutum biyu ko uku, ranar da suka gaji kuwa sai ya watse. Saboda haka duk mai nazarin tarihin wannan sana'a, ko mai koyar da ita, ya kamata ya tambayi wane ne ke buɗe ɗakin, wane ne kuma ake shiryawa ya gaje shi.