Daga Zangon Fatake Zuwa Ajin Difloma: Tarihin Koyon Kasuwanci a Arewacin Nijeriya

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar an kammala jarrabawar ƙarshe ta ƙaramar difloma a kwalejojin kimiyya da fasaha, sai a ga samari da 'yan mata sun bazu cikin Kano da Kaduna da Zariya, kowa riƙe da wasiƙa a ambulan. Wasiƙar daga makaranta take, tana roƙon banki ko kamfani ko wata ma'aikata ta karɓi mai ɗauke da ita ya yi shekara guda yana sanin makamar aiki. Sai ya cika wannan shekara ne yake da damar komawa neman gurbin babbar difloma. Wani yakan dace a makon farko. Wani kuwa sai ya shafe watanni yana jele tsakanin ofisoshi, mai gadi ya karɓi takardar ya ce masa ya dawo jibi.

Wannan wasiƙa tana da tarihi mai tsawo. A ƙasar Hausa an daɗe ana koyon kasuwanci a cikin kasuwa, a hannun wanda ya iya. Zuwan Turawa ne ya raba ilimin ciniki gida biyu, na takarda da na hannu, kuma shekarar sanin makamar aiki yunƙuri ne na sake haɗa su. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka rabu, da yadda aka yi ƙoƙarin ɗinkewa, da abin da ya salwanta a tsakani.

Makarantar Ayari

Tun ƙarni na goma sha biyar, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wanda ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi, Kano ta zama matattarar fatake. Lokacin da Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ta fuskar yamma kuma ayarin jakuna na tafiya Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su komo da goro. Zuriyoyi irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun shahara a wannan fatauci, suna gadar da shi daga uba zuwa ɗa.

Ciniki mai wannan faɗi ba ya tafiya sai da masana, kuma ayarin kansa shi ne makarantarsu. Madugu ke shugabanci, jagaba ke gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki na kula da biyan kuɗin fito da na sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, malamin ayari kuma na riƙe da rubutu da addu'a. Yaro yakan fara ne da koran jakuna da ɗaurin kaya. A hankali ya koyi yayyafa wa goro ruwa da sauya masa ganye don kada ya bushe ko tsutsa ta ci shi, ya koyi ƙidayar wuri, ya san bambancin farashin Salaga da na Kano, ya gane dillalin da za a sake wa jiki da wanda za a sa wa ido. Idan aka sauka a gidan fatoma, yana gefe yana jin yadda ake tayawa da yadda ake sallamawa.

Ginshiƙin tsarin shi ne alaƙar yaro da ubangida. Ubangida ke ciyar da shi, ya tufatar da shi, sau da yawa ya yi masa aure, kuma idan ya ga hankalinsa ya nuna, ya danƙa masa jari ya tsaya da ƙafarsa. Jarrabawar ita ce amana: a ba ka kaya ka kai wani gari, a ga abin da za ka komo da shi. Sai dai bai kamata a yi wa tsarin kwalliyar da ba shi da ita ba. Da yawa daga masu ɗaukar kayan bayi ne. Babu wa'adin da aka yanka, don haka mugun ubangida na iya riƙe yaro har furfura. Wanda ba shi da dangi ko sanayya a cikin fatake kuwa da wuya ya sami ƙofar shiga.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ɗalibin wannan makaranta ne. Karatunsa na allo ne, ya ƙware a fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, sannan ya rungumi cinikin gyaɗa bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshensa a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗin azurfarsa ajiya. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Zamanin Akawu

Jirgin ƙasan da ya ɗaukaka cinikin gyaɗa shi ne kuma ya kawo sabon nau'in ilimin ciniki. Kamfanonin Turawa irin su Kamfanin Neja, wanda ya narke cikin UAC a 1929, da John Holt, suna aiki da rasit da littafin shiga da fita da keken rubutu, kuma duk da Ingilishi. Suna buƙatar wanda zai zauna a teburi ya riƙe lissafi. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da ta biyo baya a farkon shekarun 1920, sun fi mai da hankali ga samar da malamai da ma'aikatan En'e. Saboda haka kujerun akawu a kamfanoni da tashoshin jirgi da gidan waya suka cika da mutanen Kudu da na Saliyo da na ƙasar da yanzu ake kira Ghana, waɗanda suka zauna a Sabon Gari. Kalmar akawu ma kanta daga Yarabanci Hausa ta aro ta.

Nan ne rabuwar ta faru. Bahaushe ɗan kasuwa shi ya san manomi, shi ya san ingancin gyaɗa, shi ke raba kuɗi ga yaransa su shiga ƙauyuka. Amma littafin da ke faɗin nawa ya ci, nawa ake bin sa, yana hannun wani. Mai sanin kasuwa bai san takarda ba, mai takarda kuma bai taɓa ɗaga buhu ba.

Da 'yancin kai ya ƙarato, shugabannin Arewa suka ga haɗarin wannan giɓi. A 1947 aka buɗe cibiyar horar da akawuna a Kongo ta Zariya, wadda a 1954 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, sannan a 1962 ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta ɗauki manufar cika aikin gwamnatin Arewa da 'yan Arewa, kuma manufar ba ta yiwuwa sai da masu buga keken rubutu da akantoci da ma'ajiya. A 1956 aka kafa Cibiyar Fasaha ta Kaduna, wadda ta bunƙasa ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, da sashenta na nazarin mulki da kasuwanci a Unguwar Rimi. Rahoton Kwamitin Ashby na 1960 shi ma ya ja hankalin ƙasar cewa digiri kaɗai ba zai gina ta ba, ana buƙatar ɗimbin ma'aikata masu matsakaicin ilimi na fasaha da ciniki. Ta wannan hanya kasuwanci ya shiga aji, aka ba shi manhaja da jarrabawa da takardar shaida.

Komawa Bakin Aiki

Ba a daɗe ba masu kamfanoni suka fara ƙorafi. Ɗalibi zai zo da sakamako mai kyau, ya haddace ƙa'idojin lissafin kuɗi, amma a ba shi littafin kanti na gaske ya rasa ta inda zai fara. Matsalar ta ƙara tsanani bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, kuma gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar 1972 da ta tilasta wa baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari a kamfanoni da dama. An mallaka wa 'yan Nijeriya kamfanoni, saura waɗanda za su tafiyar da su.

A 1971 gwamnati ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, mai hedkwata a Jos, wanda kamfanoni ke zuba wa wani kaso na kuɗin albashinsu. A 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibai masana'antu da ofisoshi na wasu watanni a tsakiyar karatunsu. Shirin ya fi karkata ga ɗaliban injiniya da kimiyya, amma tunanin da ke cikinsa ya game dukkan karatun difloma. A 1977 aka kafa Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, a Kaduna, wadda ke tsara manhaja da tantance kwalejoji. Tsarin da aka zauna a kai shi ne shekara biyu na ƙaramar difloma, shekara guda a bakin aiki, sannan shekara biyu na babbar difloma.

Idan aka duba da kyau, tsohuwar hikimar ayari ce ta dawo cikin rigar doka. Manajan da ke sa hannu a littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa na kullum ya hau gurbin ubangida. Sabon tsarin ma ya gyara wasu aibobin tsohon: an yanka wa'adi, ɗan talaka da ba shi da kowa a kasuwa yana iya shiga da takardarsa, 'ya mace ma ta sami kujera a banki. A shekarun 1970 akwai kuma wuraren zuwa. Masaƙar Kaduna, KTL, tana aiki tun 1957, ga UNTL da sauran masaƙun Kakuri, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, ga Bankin Arewa, ga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Kowannensu na da sashen kuɗi da na saye da na ajiya da na talla, kuma ɗalibin da ya nuna hazaƙa yakan tarar da aiki na jiransa.

Lokacin da Injuna Suka Yi Shiru

Tsarin ya dogara ne kacokan a kan rayuwar masana'antu, su kuwa ba su dawwama ba. Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980, da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya karya darajar naira, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar atamfa ta fasa-ƙwauri, suka taru suka durƙusar da su. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Haɗewar bankuna ta 2005 ta rage yawansu daga 89 zuwa 25, Bankin Arewa ya narke cikin bankin Unity. A daidai wannan lokaci kwalejoji suna ta ƙaruwa, kowace jiha da tata, ɗaliban sashen kasuwanci kuma suna cikin mafiya yawa.

Sakamakon shi ne abin da aka buɗe wannan maƙala da shi. Masu wasiƙa sun yi yawa, ƙofofi sun yi kaɗan. Wanda ya sami wuri ma ba lallai ya koyi abu ba, domin wani aikensa kawai ake yi, sayo abinci da ɗaukar fayil. Wani kuma sai ya nemi wanda zai buga masa hatimi a littafinsa alhali bai taɓa zama a ofishin ba. Sanayyar da aka yi zaton an kawar ta dawo, domin yanzu ma sai mai uwa a gindin murhu ke samun gurbi mai kyau. Bayan duk wannan, mai babbar difloma yana fama da fifikon da ake ba mai digiri a wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba.

Abin lura shi ne tsohuwar makarantar ba ta mutu ba. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau, har yau yaro na shiga hannun ubangida, ya fara da share rumfa da sauke dila, ya kai ga riƙe makulli, wata rana a buɗe masa shago. Dukiya mai yawa na juyawa a waɗannan kasuwanni, kuma shaguna da dama ba su da tsararren littafin lissafi, abin da ke hana su samun rancen banki, ya kuma jawo rikicin gado idan mai dukiya ya rasu. Ɗalibin difloma na wucewa ta bakin kasuwar da wasiƙarsa yana neman ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, mai shagon kuma yana ciki yana neman wanda zai daidaita masa lissafi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kowane tsari ya riƙe abin da ɗayan ya rasa. Ayari yana da ubangida wanda arzikinsa ya rataya a kan ƙwarewar yaronsa, shi ya sa yake koyar da shi da gaske, ya kuma sallame shi da jari. Kwaleji tana da rubutu da wa'adi da ƙofa buɗaɗɗiya ga kowa, amma manajan da ke karɓar ɗalibi na shekara guda ba ya cin riba ko asara da abin da ɗalibin ya koya. Dokar 1971 da shirin 1973 sun ɗauka cewa masana'anta irin ta Turai ce kaɗai wurin koyon aiki, don haka da masana'antun suka rufe sai shirin ya rasa madogara.

Idan kwalejoji suka amince da manyan kasuwanninmu a matsayin wuraren sanin makamar aiki, suka yi yarjejeniya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, malamai kuma suka riƙa zuwa duba ɗalibansu a rumfa kamar yadda suke zuwa banki, ɓangarorin biyu za su amfana. Ɗalibi zai kawo littafin lissafi da kwamfuta, ɗan kasuwa ya koya masa sanin kaya da sanin mutane da riƙon amana. Ayarin Gwanja ma da malaminsa yake tafiya, mai alƙalami da masu jakuna a hanya ɗaya.