Gafakar Almajiran Sifawa

Lokacin da nake koyarwa a Shagari, an ɗora mini nauyin tara kayan aikin hannu da za mu kai gasar nunin al'adu da tarihi. Wasan da muka shirya shi ne rayuwar almajirai a Sifawa, kusa da Boɗinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga 1810 zuwa 1815. Saboda haka duk abin da ɗan wasa zai riƙe ko ya rataya, tilas ya zama irin na wancan zamani.

Allo da buzu da tabarma ba su ba mu wahala ba. Gafaka ce ta tsayar da mu. Waɗanda muka samo a kasuwa an shafe su da launin kanti, an ɗinke su da zaren roba. Wani dattijo baduku ya jujjuya ɗaya, ya ce, "Malam, in ka kai wannan, dattawa za su yi mana dariya."

Sai muka koma wurin majema. Suka jiƙa fatar jar akuyar Sakkwato a ruwan toka, suka kankare gashin, suka jeme ta da bagaruwa, aka rina ta ja da karan dafi. Irin wannan fata ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka sa mata sunan Maroko, alhali akuyar ba ta taɓa taka Maroko ba.

Aikin ya ci wata guda, muka kai gafaka uku maimakon goma. Dattijon ya rasu bayan shekara biyu, kuma cikin 'ya'yansa babu wanda ya ɗauki basillarsa.