Daga Askar Fuska Zuwa Lambar Ɗan Ƙasa: Tarihin Shaidar Mutum Da Matsalar Sirri A Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Babu hukumar da za ta iya mulkin jama'ar da ba ta sani ba, haka kuma babu ɗan Adam da yake son a san komai nasa. A tsakanin waɗannan buƙatu biyu ne tarihin shaidar mutum ya gudana a Nijeriya. Wannan maƙala za ta bi diddigin hanyoyin da aka bi wajen tantance mutum, tun daga zamanin da aska da bakin jama'a suke shaida, zuwa zamanin takardar haraji, har zuwa yau da na'ura take riƙe da hoton fuska da zanen yatsun mutane fiye da miliyan 100. Abin da ake son nunawa shi ne, a kowane mataki ikon hukuma na sanin talaka yakan riga dokar da za ta kare sirrin talakan zuwa, kuma wannan tazara ita ce tushen ɗari-ɗarin da jama'a suke yi da rajista.

2.0 Shaida Da Sirri A Gargajiyance

Kafin zuwan Turawa, mutum a ƙasar Hausa yana ɗauke da shaidarsa a jikinsa da kuma bakin mutanen da suka san shi. Askar Gobirawa daban take da ta Kabawa, ta Kabawa kuma daban da ta Barebari, ta yadda wanda ya san aska zai iya faɗin asalin baƙo tun bai buɗe baki ba. Bayan aska akwai sunan uba da sana'ar gida da unguwa. Idan baƙo ya sauka a gari, sai ya sami mai masauki wanda zai gabatar da shi ga mai unguwa. Fataken da suke bin hanyar Gwanja neman goro da irin wannan tsari suka dogara, domin kuwa maigidan da ya saukar da su a zango shi ne yake tsaya musu a wajen ciniki da bashi.

Abin lura a nan shi ne, wannan sani ne na juna. Mai unguwar da ya san asirin gidan wani, shi ma an san nasa, kuma idan ya yi ɓaranɓarama akwai kunyar idon jama'a da za ta kama shi. Har ila yau, al'ada ta shata iyakar abin da ake tambaya. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye sukan yi alkunyar sunan ɗan fari, kuma ba tarbiyya ba ce a tambayi magidanci yawan 'ya'yansa ko na dabbobinsa. Bahaushe ya ɗauki wannan da muhimmanci har ya sa shi cikin addu'arsa ta yau da kullum, inda yakan roƙi Allah ya rufa masa asiri. Ke nan tunanin kare sirri ba baƙo ba ne da ya zo tare da kwamfuta.

3.0 Zamanin Turawa: Ƙidaya Da Haraji

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawan mulkin mallaka sun sake tsarin haraji, suka ɗora wa hakimai da dagatai da masu unguwanni aikin rubuta sunayen mazan da suka isa biya. Daga nan sunan talaka ya fara shiga kundin da shi ba ya iya karantawa, ba ya kuma da ikon dubawa. Takardar haraji ta zama shaidar da akan nema a kasuwa da kan hanya, wanda kuwa ba shi da ita yana iya kwana a hannun 'yan doka. Makiyaya su ma sun koyi kawar da wani ɓangare na garke idan lokacin ƙidayar jangali ya gabato.

Wannan fargaba ba ta tsaya ga Arewa ba. A watan Nuwamba na 1929, a garin Oloko da ke Gabashin Nijeriya, wani ɗan aiken basarake Okugo ya nemi wata mata mai suna Nwanyeruwa ta ƙidaya masa mutanen gidanta da dabbobinta. Da yake ƙidayar maza ce ta share fagen ɗora musu haraji a 1928, sai mata suka fahimci cewa su ma an juyo kansu. Boren da ya biyo baya, wanda aka fi sani da boren matan Aba, ya ci rayukan mata fiye da 50. Darasin da talaka ya ɗauka daga wannan zamani guda ne: duk wanda ya zo rubuta suna, wani abu zai karɓa. Ko da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, wannan tunani bai gushe ba.

Samun 'yancin kai ya ƙara wa ƙidaya wani nauyin, domin yawan jama'a ya zama ma'aunin rabon kujeru da kuɗin shiga. An soke ƙidayar 1962 aka sake ta a 1963, ta 1973 kuwa Janar Murtala Muhammed ya soke ta a 1975. A ƙidayar 1991 da ta 2006 an cire tambayar addini da ƙabila ɗungurungum. Da wannan mataki gwamnati ta amsa da kanta cewa akwai bayanin da tattara shi yake da haɗari.

4.0 Katin Shaidar Ɗan Ƙasa, 1979 Zuwa 2007

Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ce ta kafa sashen rajistar 'yan ƙasa ta hanyar Doka ta 51 ta 1979. Shekaru fiye da 20 aka shafe ana ba da kwangila ana sakewa ba tare da kati ya isa hannun jama'a ba. Sai a 2001, bayan Obasanjo ya dawo a matsayin zaɓaɓɓen shugaba, aka ba kamfanin Sagem na ƙasar Faransa aikin a kan dala miliyan 214, aka kuma fara rajista a watan Fabrairu na 2003.

Muhawarar da aka yi a lokacin ta siyasa ce. Wasu 'yan siyasar Arewa sun yi zargin cewa za a yi amfani da alƙaluman rajistar a ƙalubalanci na ƙidaya da na masu zaɓe. Kafin shekarar ta ƙare kuma sai badaƙalar cin hanci ta ɓulla, aka sallami ministan ƙwadago Hussaini Akwanga, aka gurfanar da shi tare da tsohon ministan cikin gida Sunday Afolabi da wasu jami'ai, ko da yake shari'ar ba ta kai ga hukunta su ba. A 2012 wata kotu a Faransa ta ci tarar kamfanin Safran, magajin Sagem, yuro 500,000 a kan wannan batu, daga bisani kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2015. A cikin duk wannan hayaniya, ba a cika jin mai tambayar inda za a ajiye zanen yatsun miliyoyin mutane ba, ko wanda zai riƙe mabuɗin ma'ajiyar.

Wani abin lura shi ne, a wannan shekara ta 2003 ne dokar tarayya ta kare haƙƙin yara ta haramta yi wa yaro tsaga a jiki. Wato a daidai lokacin da doka take sallamar tsohuwar alama, wadda take fili amma sai na kusa yake karanta ta, a lokacin ne sabuwar alama take shigowa, wadda ido ba ya gani amma na nesa yake iya karanta ta ba da sanin mai ita ba.

5.0 Zamanin Rumbun Bayanai

A 2007 aka kafa hukumar NIMC, aka ɗora mata alhakin ba kowane ɗan ƙasa lamba mai alƙaluma 11, wato NIN. Daga nan muhimmancin kati ya ragu, na rumbun bayanai ya ƙaru. Sai dai ba hukuma ɗaya ce take tattarawa ba. Hukumar zaɓe ta ɗauki hoto da zanen yatsu a rajistar 2011. A wannan shekarar hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layukan waya, a 2014 kuma Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. Mutum ɗaya ya dangwala yatsunsa a wurare huɗu ko biyar, kowane wuri da nasa ma'aikata da nasa 'yan kwangila. Mata ma, waɗanda galibi ba sa cikin kundin haraji, waɗanda kuma a Arewa ba su sami 'yancin zaɓe ba sai a 1976, yanzu hotunan fuskokinsu da adireshin gidajensu sun fita daga bayan zaure sun shiga na'ura.

Ƙorafi na farko mai ƙarfi a kan sirri ya taso ne a watan Agusta na 2014, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da sabon kati mai ɗauke da tambarin MasterCard. Masu suka, cikinsu har da Shehu Sani, sun ga bai dace ba a ce shaidar ɗan ƙasa tana ɗauke da alamar kamfanin kasuwanci na Amurka, NIMC kuwa ta ce ba ta ba kamfanin bayanan kowa ba.

Mataki mafi girma ya zo a watan Disamba na 2020, sa'ad da ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta umarci a haɗa kowane layin waya da NIN, bisa hujjar tsaro. Jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin rajista ana tsakiyar annobar korona, a watan Afrilu na 2022 kuma aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira. Da aka wajabta lambar a kan fasfo da jarrabawar JAMB da asusun banki, sai ta zama zaren da ya ɗinke sassan rayuwar mutum waɗanda a da suke warwatse. Wanda ya sami wannan lamba tare da hanyar shiga rumbun yana iya sanin suna da hoto da ranar haihuwa da adireshi da asalin jiha da ƙaramar hukuma. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da asalin mutum yakan nuna ƙabilarsa, sau da yawa har da addininsa. Abin da ya faru a Ruwanda a 1994, inda katin shaida mai ɗauke da ƙabila ya zama abin da makasa suke dubawa a shingayen hanya, ya isa gargaɗi. Bugu da ƙari, wanda aka sace wa mabuɗi yana iya sake kwaɗo, amma wanda aka sace wa zanen yatsa ba shi da wani yatsan da zai sake.

6.0 Jinkirin Doka

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, amma bai fayyace yadda za a riƙe bayanan da aka tara a na'ura ba. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, cikakkiyar doka ta majalisa kuwa sai a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa mata hannu. Shekaru 44 ke nan tsakanin dokar da ta ce a tattara da dokar da ta ce a kare.

Kwatanta hukunci biyu zai nuna inda hankalin hukuma ya fi karkata a tsawon wannan lokaci. A 2015 NCC ta ci tarar kamfanin MTN naira tiriliyan 1.04 saboda bai katse layuka fiye da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista ba, aka daidaita a kan naira biliyan 330 a 2016. A 2021 kuwa, da NITDA ta hukunta wani kamfanin ba da rance ta waya wanda yake aika wa abokai da dangin masu bashi saƙonnin tonon asiri, tarar naira miliyan 10 ce.

Dokar 2023 ta kawo gyara mai ma'ana. Ta kafa hukumar NDPC, ta ba mutum haƙƙin sanin abin da aka ajiye a kansa da neman a gyara kuskure, ta kuma wajabta kai rahoton ɓarakar bayanai cikin sa'o'i 72. Sai dai ta sassauta wa hukumomi a sha'anin tsaron ƙasa da binciken laifi. Ba ta kuma cika shekara ba aka jarraba ta: a watan Maris na 2024 'yan jaridar FIJ suka bankaɗo wani shafin intanet da yake sayar da bayanan NIN, a watan Yuni kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa ana samun bayanan mutum a wani shafin a kan naira 100. NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko da an karɓi wannan bayani, tambayar tana nan, domin idan ba a fasa ƙofa ba amma kaya suna kasuwa, sai a duba waɗanda aka ba mabuɗi.

7.0 Kammalawa

Wannan nazari bai musa amfanin rajista ba. Wanda ba shi da shaida shi ne yake rasa asusun banki da tallafi da damar karatu, kuma talakan karkara ne ya fi shan wannan wahala. Abin da tarihi ya nuna shi ne, an tashi daga sanin juna an koma sani na gefe ɗaya, inda hukuma da 'yan kwangilarta suke ganin talaka, shi kuwa ba ya ganinsu. Saboda haka kuskure ne a fassara ɗari-ɗarinsa da jahilci, alhali kuwa gadon abin da ya gani ne tun zamanin haraji. Bayanan da ya miƙa ajiya ce, mai ajiya kuwa ba ya zama mai kaya. Abin da ya rage shi ne a mayar da kunyar da take kama mai unguwa cikin tsarin na'ura: a rage tambayar abin da ba a buƙata, a ba kowa hanyar sanin wanda ya duba bayanansa da dalilin dubawar, a hukunta jami'in da ya ci amana a bainar jama'a, sa'an nan a bayyana wa mutane haƙƙoƙinsu cikin harsunan da suke ji. Har sai an yi haka, jama'a za su ci gaba da yin rajista ne don tsoron a rufe musu layi, ba don sun amince ba.