Dutsen Gujba: Tarihin Ƙarfen da Ya Faɗo Daga Sama

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa wani abu kan faɗo daga sama. Idan ya ga haske ya gifta da dare, sai ya ce tauraro ya yanke. Idan kuma ya tsinci dutse mai baki irin na gatari a gona, sai ya kira shi gatarin aradu. Masu binciken kayan tarihi sun tabbatar da cewa wannan gatarin mutanen dauri ne suka sassaƙa shi da hannunsu. Amma akwai duwatsun da suke faɗowa daga sama da gaske, kuma wannan takarda za ta bi diddigin ɗaya daga cikinsu.

Faɗuwar Dutsen

Da yammacin ranar 3 ga Afrilu, 1984, mutanen ƙauyen Bogga Dingare da ke kusa da Gujba suka ga wata dunƙulalliyar wuta ta keto sararin samaniya, sannan suka ji ƙara mai tsanani. A lokacin yankin yana cikin Jihar Borno, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Yobe. Da aka isa wurin, sai aka tarar da dutse wanda aka ƙiyasta nauyinsa ya kai kilo 100. Jama'a suka farfasa shi, kowa ya ɗauki rabonsa. Daga baya gutsattsarinsa suka bazu zuwa hannun dillalai da ɗakunan bincike na Turai da Amurka.

Ba shi ne na farko a Nijeriya ba. A 1927 wani curin ƙarfe mai nauyin sama da kilo 100 ya faɗo a Udei, cikin ƙasar Binuwai. A 1962 kuma wani dutse mai kilo 18 ya faɗo a Zagami ta lardin Katsina, wanda bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito.

Abin da Ya Bambanta Shi

Masana sun kasa duwatsun sama gida uku: na dutse zalla, da na ƙarfe, da masu haɗa biyun. Idan aka yanka na Gujba aka goge shi, sai a ga ƙwallayen ƙarfe masu sheƙi, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar gujjiya, a cakuɗe da ƙwallayen dutse. Ƙarfen yana ɗauke da sinadarin nikel, wanda yawansa kan taimaka wajen rarrabe ƙarfen sama da na maƙera. An sanya shi cikin wani ƙaramin rukuni da ya samo suna daga Bencubbin, wani gari a Ostareliya inda aka tsinci irinsa a 1930. Na Gujba ne na farko a rukunin da mutane suka shaida faɗuwarsa da idonsu. Wannan yana da muhimmanci, domin an ɗauke shi kafin ruwan sama da tsatsa su ɓata shi.

A 2005, Alexander Krot na Jami'ar Hawaii da abokan aikinsa suka buga sakamakon nazarinsu a mujallar Nature. Sun auna shekarun ƙwallayen, suka samu kimanin miliyan 4,563, wato sun samu ne bayan shekara miliyan 4 zuwa 5 da fara haɗuwar dangin rana. Bayaninsu shi ne, wasu manyan curarruka biyu da ke kan hanyar zama duniyoyi suka yi karo, zafin karon ya narkar da su har wani sashe ya zama tururi. Da tururin ya huce, sai ya daskare ya zama ɗigo-ɗigon ƙarfe da dutse.

Kammalawa

Ke nan abin da ya faɗo a wannan ƙauye shaida ce ta wani al'amari da ya auku tun kafin duniyarmu ta gama haɗuwa. Sai dai farfasa shi da aka yi ya jawo asara: ba wanda zai sake ganin siffarsa cikakkiya, kuma yawancin nazarin a ƙasashen waje aka yi shi, cikin harsunan da mutanen ƙauyen ba sa karantawa. A nan aikin ɗalibin harshe ya shigo. Muddin babu bayani cikin Hausa da Barbarci da zai sanar da manomi darajar abin da ya faɗo masa a gona, to dutse na gaba ma guduma ce za ta fara tarbarsa.