Yadda Kimiyya Ta Bar Lambun Makaranta Ta Koma Kan Allo

'Yan'uwa, duk wanda ya zauna da dattawanmu da suka yi firamare kafin 1970 zai ji suna cewa ba a koya musu wani darasi mai suna kimiyya ba. Gaskiya ne, sunan bai zo ba tukuna, amma abin yana nan.

Bayan layin dogo ya iso Kafanchan wajajen 1927, garin ya zama mahaɗar jiragen Fatakwal, Kaduna da Jos, makarantu kuma suka yawaita. Na 'yan mishan ne suka fi yawa a yankinmu, musamman SIM da ta kafu a Kwoi da Kagoro, da kuma Katolika, sai na En'e. Abin da ake koyarwa shi ne nazarin halittu, tsabtar jiki da aikin lambu. Aji na da kunyoyinsa. Yaro zai shuka gyaɗa, ya zuba taki a kunya ɗaya ya bar ɗaya, ya ga bambanci da idonsa. Ba mu ce zamanin ba shi da aibu ba: akwai haddar dole, akwai bulala, wani lokaci ma amfanin lambun gidan hedimasta yake tafiya. Amma hannun yaro yana taɓa abin da ake faɗa masa.

A 1965 aka yi taro a Kano inda aka ƙaddamar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka. Ra'ayin masu shirin mai sauƙi ne: ba sai da ɗakin gwaji ba. Gwangwani, kwalba, tsohon batir, iri, ƙwaro, duk kayan aiki ne, kuma malami ya rage bayani ya bar yaro ya yi tambaya. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da tallafin UNICEF da UNESCO, ta ɗauki wannan hanya a shirin PEIP na jihohin Arewa shida, har da tamu ta Arewa ta Tsakiya. Akwai masu horarwa da ke bin malamai har cikin azuzuwansu. A ganinmu wannan ne mafi kyawun tunanin da aka taɓa yi kan lamarin, shi ne kuma aka fi saurin mantawa.

Sai UPE ta zo a watan Satumba na 1976. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai fiye da miliyan 3 suka bayyana. Alheri ne babba, da yawanmu da ba don shi ba da ba mu ga ƙofar aji ba. To amma an ɗauki malamai cikin gaggawa da gajeren horo, kuma wanda ke fama da aji maƙil ba zai iya raba gwangwani da iri ga kowa ba. Abin da ya rage masa alli ne da allo. Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 haka muka tarar: mun kwafi sassan fure a littafi, mun haddace su da Turanci, alhali furen yana bayan taga ba wanda ya ce a tsinko.

An ci gaba da sauya suna da manhaja. An buɗe kwalejin horar da malamai ta Kafanchan a 1977, wadda ke Gidan Waya yanzu. UBE ta zo a 1999, daga baya aka haɗa kimiyya da fasaha a darasi ɗaya. A 2017 gwamnatin jiha ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu, har yau kuma ana gardama kan adalcin wannan jarrabawa. Jarrabawar dai ta takarda ce, ba ta tambayi ko malami ya iya nuna wa yaro yadda iri ke tsiro ba.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna inda muke. Nan ne Nok, wadda duniya ta sani da mutum-mutumin yumɓu, mutanen wannan al'ada kuma sun narka ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ga ruwan Matsirga, ga dutsen Kagoro, ga cittar Kachia da ƙasar Jaba, wadda yaran da ke taya iyayensu fasawa da shanyawa sun san sirrinta fiye da littafin aji.

Muna roƙon duk mai tsohon littafin aikin lambu ko hoton gonar makarantarsu ya miƙo wa sakatariya, tare da sunan makarantar da shekarar. Za mu ɗauki hoto mu mayar wa mai shi kayansa.